Allurar Sin Mai Lantarki Ga Mai Raunin Laka: Ina Take Aiki, Ina Ba Ta Yi?

Malam Habu (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tambayar da dangin marasa lafiya ke ta turowa, musamman waɗanda haɗarin mota, ko faɗowa daga bishiya, ko ruftawar rami ya taɓa wa ɗan'uwansu laka. Suna ganin bidiyo a Facebook ana soka wa mutum siraran allurai a gadon baya, a jona musu waya, ƙafa ta riƙa motsi, a ce ga shanyayye ya fara samun sauƙi. Ita ce allurar Sin mai lantarki, wasu na cewa akufanca. Tana aiki ko ba ta yi? Idan tana yi, a kan me, kuma yaushe ake farawa? Masana, bismillah.

Dakta Auwal (tiyatar ƙwaƙwalwa da laka):
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Kafin a zo kan allura, a fara sanin abin da ya lalace. Laka ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ƙashin baya, ta ƙare a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, wato L1 zuwa L2. Idan ƙashi ya karye ya danne ta, ɓarna biyu ce ke faruwa: ta nan take, da wadda kumburi da ƙarancin jini ke ƙarawa a awanni da kwanakin da suka biyo baya. Ta biyun ce likita ke iya ragewa. Binciken STASCIS da aka wallafa a 2012 ya nuna waɗanda suka samu rauni a wuya, aka yi musu tiyatar cire dannin cikin awa 24, sun fi waɗanda aka jinkirta samun ci gaba. Saboda haka a kwanakin farko aikin shi ne a ɗauki mutum a kan abu mai tauri, a tallafe wuyansa, a kai shi inda ake hoton MRI da tiyata, a hana jininsa faɗuwa. Babu allura, babu ɗori, babu tausa.

Abu na biyu, muna auna raunin da ma'aunin ASIA, daga A zuwa E. Ana gwada ƙarfin tsoka 10 a kowane ɓari, daga 0 zuwa 5, a gwada ji a wuri 28 a kowane ɓari. A shi ne wanda ba ji ba motsi har a kewayen dubura. B akwai ji amma ba motsi. C da D akwai motsi, D ya fi ƙarfi. Duk wanda zai yi magana kan magani bai faɗi matakin majinyacin ba, maganarsa ba ta cika ba.

Maman Ilham (likitar gashin ƙashi):
Bari in ɗauki maganar bidiyon, don ita ce ke cinye wa mutane kuɗi. Motsin ƙafar da ake gani ba shaida ba ce. Jijiyar da ta fito daga laka zuwa tsoka, idan tana ƙasa da wurin raunin, galibi lafiyarta ƙalau. Ka ba ta lantarki, dole tsokar ta tsuke. Kamar unguwar da wayar wutarta ta tsinke ce aka tayar da janareta a gida ɗaya: ƙwai ya kawo, amma wayar tana nan a tsinke. Abin tambaya shi ne, bayan an kashe na'urar, mutumin zai iya ɗaga babban yatsan ƙafarsa da niyyarsa?

Malam Sadisu (masanin allurar Sin):
Hajiya, a kan wannan ba mu da saɓani. Amma kada masu tallar banza su sa a watsar da abin gaba ɗaya. Ga yadda ake yin sa bisa ƙa'ida.

Alluran na ƙarfe ne mara tsatsa, kaurinsu milimita 0.25 zuwa 0.30, tsawo daga milimita 25 zuwa 75, ana ɓare su daga leda a yi amfani da su sau ɗaya. Ana goge fata da sifirit. A kan laka, wuraren sokawa da aka fi amfani da su iri uku ne, kuma ana kiran wuraren da haruffa da lamba. Na farko layin tsakiyar baya, irin GV14 da ke ƙasan ƙashin wuya na bakwai, GV9 a ƙasan T7 (ƙashin bayan ƙirji na bakwai), GV6 a ƙasan T11 (na goma sha ɗaya), da GV4 a ƙasan L2. Na biyu wuraren Jiaji, waɗanda ke gefe da gefen ƙashin baya da nisan rabin faɗin babban yatsan majinyacin, ana zaɓen biyu a saman raunin, biyu a ƙasansa. Na uku ramukan ƙashin ƙugu na ƙasa, BL31 zuwa BL34, domin fitsari da bahaya.

Ana maƙala wayoyi biyu a allurai biyu na ɓari ɗaya. Na'urar tana kan sifiri kafin a kunna, sai a ƙara a hankali, yawanci tsakanin miliamfiya 1 zuwa 5, har a ga tsoka tana ɗan rawa. Minti 20 zuwa 30, sau 3 zuwa 5 a mako. Yawan bugun ma yana da ma'ana. Farfesa Han Jisheng na Jami'ar Peking ya daɗe yana bincike a kai, ya nuna bugu 2 a daƙiƙa yana sa jiki ya saki sinadaran rage zafi irin enkefalin da beta-endofin, bugu 100 kuma yana sa a saki dainofin. Shi ya sa na'urori da yawa ke da maɓallin da ke sauyawa tsakanin 2 da 100.

Dakta Auwal:
Malam Sadisu, ka yi bayanin yadda ake yi. Saura shaidar cewa yana dawo da motsi a jikin ɗan Adam.

Malam Sadisu:
Ranka ya daɗe, akwai gwajin da aka yi a asibitin Chang Gung na Taiwan, aka wallafa a 2003. Mutum 100 ne, dukkansu matakin A ko B, aka raba su gida biyu. Kowa ya samu gashin ƙashi da kulawar da aka saba, rabi aka ƙara musu lantarki a SI3 na gefen hannu da BL62 na ƙasan idon sawu, da allurar kunne. Bayan shekara ɗaya waɗanda aka ƙara wa sun fi maki a ji da motsi da iya hidimar kai. Sannan a ɓeraye, masu bincike a Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou sun nuna lantarki a layin tsakiyar baya yana ƙara sinadarin NT-3, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya su rayu. Wasu gwaje-gwajen ɓerayen sun nuna kumburi ya ragu.

Dakta Auwal:
Na san gwajin Taiwan ɗin, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsari. Amma ka lura da abu uku. Ɗaya, a hannu da ƙafa ba allura aka soka ba, faifan da ake mannawa a fata aka sa. Biyu, ɗaya rukunin ba a yi musu wani abu na kama-da-wane ba, don haka majinyaci ya san ɓangaren da yake. Uku, kuma shi ne babba, an fara ne tun raunin yana sabo, lokacin da jiki ke farfaɗowa da kansa.

Wannan na ukun nake so dangi su riƙe. A makonnin farko laka kan yi ɗif saboda girgizar raunin, komai ya saki. Daga baya sai wasu abubuwa su dawo. Mafi yawan sauƙin da za a samu yana zuwa ne a wata 3 zuwa 6 na farko, ya ragu sosai bayan shekara. Ko a matakin A, tsofaffin alƙaluma sun nuna kusan mutum 1 cikin 5 kan sauya mataki ba tare da wani magani na musamman ba, a C kuwa da yawa suna komawa D. To duk abin da ka fara yi wa mutum a wata na biyu, ko allura ko rubutu ko man shafawa, za a ba shi ladan aikin da jiki ya yi.

Ɓera kuma ba mutum ba ne. Ɓeran da aka ƙuje wa laka yakan farfaɗo fiye da yadda mutum ke yi, kuma ana fara masa magani cikin kwana ɗaya ko biyu a ɗakin gwaji. Masu tattara gwaje-gwajen mutane su yi musu duba na bai-ɗaya kullum ƙarshen maganarsu ɗaya ce: sakamakon yana da daɗin ji, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, akasarinsu daga Sin, kuma tsarinsu yana da rauni. Ni a wurina babu shaidar cewa allurar nan tana haɗa lakar da ta tsinke.

Malam Sadisu:
Ban ce tana haɗawa ba, Dakta, kuma duk wanda ya ce haka a guje shi. Abin da nake karewa shi ne matsayinta na ƙari a kan gashi, musamman ga masu B, C da D, da kuma kan fitsari da zugi.

Dakta Binta (likitar mafitsara):
To mu tsaya kan fitsarin, don a nan ne maganar Malam ta fi ƙarfi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Jijiyoyin mafitsara suna fitowa daga S2, S3 da S4, wato rami na biyu, na uku da na huɗu na ƙashin ƙugu na ƙasa. BL32 yana kan rami na biyu, BL33 yana kan na uku. Wato allurar da aka zura a can tana kusa da jijiyar da mu ma muke sa wa na'urar da ake dasawa a S3. Haka SP6 da ke saman idon sawu ta ciki, kusa yake da jijiyar da ake bai wa lantarki a asibiti domin mafitsara mai yawan matsawa, bugu 20 a daƙiƙa, minti 30, sau ɗaya a mako har mako 12. Ba sai an shiga maganar hanyoyin iska na likitancin Sin ba, ilimin jijiya kaɗai ya isa ya nuna dalili.

Gwaji ma akwai. A 1998 a Taiwan an yi wa masu raunin laka lantarki a CV3 da CV4 na ƙasan cibiya da BL32. Waɗanda aka yi wa sun kai ga fitsarin da ba ya barin saura da yawa cikin kusan wata biyu, sauran kuma kusan wata uku. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa babban gwaji daga Sin a kan mata 504 masu ɗigar fitsari idan sun yi tari ko atishawa, aka yi musu a BL33 da BL35 sau 18 cikin mako 6, ɗigar ta ragu fiye da ta waɗanda aka yi wa na bogi. Sai dai matan nan lakarsu lafiya take, kada a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa shanyayye.

Ga inda hatsarin yake. Mai rauni a saman ƙugu, mafitsararsa na iya matsawa a daidai lokacin da bakinta ya tsuke. Fitsari zai fito, dangi su yi murna su cire robar fitsari, alhali matsin da ke ciki yana tura fitsari sama zuwa ƙoda. Idan matsin ya wuce santimita 40 na ruwa, ƙoda tana cikin haɗari, kuma ba ya ciwo balle a sani. Don haka fitowar fitsari ba ita ce lafiya ba. A ci gaba da zura robar wucin gadi duk awa 4 zuwa 6, kada abin da ke fitowa ya wuce mililita 500 a lokaci ɗaya, a rubuta adadin kullum, a yi hoton ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Likita ne zai ce a rage roba bayan ya auna sauran fitsarin da ke zama, ba mai allura ba.

Sista Rabi (ma'aikaciyar jinya):
Allah ya saka da alheri, Dakta Binta. Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tashin jini na farat ɗaya da ke samun masu rauni daga T6 (ƙashin bayan ƙirji na shida) zuwa sama. Duk abin da zai yi zafi a ƙasan raunin, ko da mutumin bai ji ba, yana iya tsuke hanyoyin jini, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da hanyar aika saƙon a saki. Allura da lantarki suna cikin abubuwan da za su iya jawo shi. An gwada a Amurka a shekarar 2000 a kan mutum 15, uku daga ciki jininsu ya tashi yayin allurar.

Mutanen nan lambar sama ta awon jininsu kan zauna a 90 zuwa 110, don haka 130 ko 140 a wurinsu tashi ne, ko da a wurin wani ba komai ba ne. Ƙarin 20 zuwa 40 a kan abin da ya saba ya isa a tsaya. Alamominsa ciwon kai mai sara, fuska ta yi ja, gumi a saman raunin, hanci ya toshe, bugun zuciya ya ragu. Abin yi: a kashe na'ura, a zare allurai, a zaunar da shi tsaye a sauke ƙafafu, kada a kwantar da shi. A sassauta duk abin da ya matse shi. A duba robar fitsari ko ta lanƙwashe, don cikar mafitsara ce ta fi jawo shi, sannan taurin bahaya. A riƙa auna jini duk minti 2 zuwa 5. Idan ya tsaya a 150 ko sama, ana buƙatar maganin saukar da jini mai saurin aiki da likita a kusa, domin yana iya kaiwa ga farfaɗiya ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa.

Saboda haka wurin da babu na'urar auna jini a gefen gado, bai cancanci ya taɓa mai raunin wuya ko saman ƙirji ba. A zubar da fitsari kafin a fara, a auna jini kafin, da tsakiya, da bayan an gama.

Ɗan Damagaram (mai gyaran na'urorin asibiti):
Ta ɓangaren na'ura ina da ƙari. A tabbatar tana fitar da wuta mai zuwa da komowa, ba mai tafiya hanya ɗaya ba. Mai hanya ɗaya tana cin ƙarfen allura har ta karye a cikin nama, kuma tana ƙona fata. Na'urar mannawa a fata da ake sayarwa a kasuwa an yi ta ne don faffaɗan faifai, ƙarfinta ya yi wa bakin allura yawa, kada a yanke wayarta a maƙala. A yi aiki da batir, kada a bar ta a jone da soket tana caji, musamman inda wuta ke hawa da sauka. Wayoyi biyun da suka fito daga mahaɗi ɗaya na na'urar kada su ratsa ƙirji, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa ba a yi masa kwata-kwata.

Maman Ilham:
Kuma ƙa'idar "ƙara har sai ka ji" ba ta aiki a nan, tunda fatar ba ta ji. Ido ake sawa a kan tsoka da lambar da ke na'ura, ko a fara gwadawa a wurin da yake ji a san iyakarsa. Fitilar zafi da ƙona ganyen da wasu ke haɗawa da allurar, a bar su. Ƙunar da ba a ji ba ita ce ke zama gyambon wata da watanni.

Dakta Auwal:
Malam Sadisu, akwai abu biyu da nake so duk mai allura ya tambaya kafin ya taɓa bayan wanda aka yi wa tiyata. Idan an cire ƙashin da ke rufe laka ta baya, to a wurin babu komai tsakanin allura da rigar laka sai tsoka da tabo. Layin tsakiya a wannan wurin haramun ne a soka. Idan kuma an sa ƙusoshi da sanduna, ƙwayar cuta ɗaya da allura ta kai kan ƙarfen tana iya sa a sake buɗe mutum. Sannan yawancinsu suna kan allurar tsinka jini, irin enoxaparin, a makonnin farko don hana gudan jini a ƙafa. Zurfafa allura kusa da laka a wannan hali na iya tara jini ya danne ta.

Malam Sadisu:
Haka ne. Ana barin wurin tiyatar da tazarar gaɓa ɗaya ko biyu sama da ƙasa, kuma sai ciwon ya rufe, likitan da ya yi aikin ya amince. A bayan ƙirji kuma allurar Jiaji ana karkata ta ne zuwa ƙashi, ba a miƙe ta ba kuma ba a yin waje da ita, don huhu yana kusa, kuma mai raunin wuya da ma numfashinsa da ƙyar ne. A BL33 kuwa ana zurfafawa zuwa milimita 50 ko 60, shi ma idan babu gyambo ko jan fata a ƙugu. Ƙafar da ta kumbura ɓari ɗaya ba a taɓa ta sai an yi hoto. Mai juna biyu ba a yi mata a ƙugu da mara.

Baban Khalifa:
Don Allah masana, zugin fa? Irin wanda suke cewa kamar wuta ko kamar ana jan wayar lantarki a ƙafar da ba ta ji.

Maman Ilham:
Yaya, ciwon iri biyu ne, a rarrabe. Akwai na jijiya, wanda ka kwatanta. Maganinsa na farko su pregabalin da gabapentin ne, ko amitriptyline, bisa rubutun likita, kuma shi pregabalin ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, ba a yanke shi rana ɗaya. Allura na iya zama ƙari, amma a yi tunani: sinadaran da Malam Sadisu ya ambata suna buƙatar saƙo ya hau zuwa sama. Mai matakin A, allurar da aka sa a ƙasan raunin saƙonta ba ya wucewa, don haka an fi sa ran amfani daga wuraren da yake ji. Na biyu ciwon kafaɗa ne na tura keke da ɗaga jiki. An gwada allura a kansa a cibiyar Kessler ta Amurka, aka wallafa a 2007: waɗanda aka yi wa ta gaske da waɗanda aka soka wa a wuraren bogi duk sun samu sauƙi, kuma bambancin bai fito fili ba. Gyaran zaman keke da ƙarfafa tsokokin bayan kafaɗa su ne tushen maganin.

Ƙagewar ƙafa kuma, rukunin Farfesa Han sun ga bugu 100 yana sassauta ta, bugu 2 ba ya yi, kuma sassaucin farko na ɗan lokaci ne. Idan ƙagewa ta ƙaru kwatsam, a fara neman ciwon fitsari, gyambo ko farcen da ya shige nama.

Malam Habu:
Wasu suna haɗa wannan da labarin Turawan da aka ce sun tashi sun yi tafiya da lantarki.

Dakta Auwal:
Abu daban ne. Wancan tiyata ake yi a shimfiɗa faifan lantarki a kan rigar laka, kwamfuta tana sarrafa shi, ga horo na watanni. A Louisville ta Amurka aka ba da rahoton farko a 2011, a Lausanne ta Suwizalan kuma aka ba da na mutum uku a 2022. Har yanzu a matakin bincike yake a kan mutane ƙalilan, kuma ba allura ba ce.

Sista Rabi:
Ga wanda ya yanke shawarar gwadawa, ga yadda zai san ko kuɗinsa na aiki. Kafin zaman farko likitan gashi ya cika takardar ASIA, a rubuta makin kowace tsoka. A ajiye littafin fitsari na kwana 3: ruwan da aka sha, abin da roba ta fitar, sau nawa ya jiƙe. A rubuta zafin ciwo daga 0 zuwa 10 safe da dare. A zaɓi abu ɗaya da ake nema, ko fitsari ko zugi ko ƙagewa. Bayan mako 4 zuwa 6 a sake aunawa, kuma wanda zai auna ya zama ba shi ne mai allurar ba. Idan lambobin ba su motsa ba, a tsaya, a mayar da kuɗin kan matashin keke mai kyau, robar fitsari da abinci mai gina jiki.

A duk tsawon lokacin ba a daina juya shi duk awa 2 a gado ba, a keke kuma ya ɗaga ko ya karkata duk minti 15 zuwa 30. Idan zuwa wurin allurar na nufin awa biyu a zaune a bayan mota kan kujera mai tauri, a duba fatar ƙugu da mazaunai da zarar an dawo. Jan da ba ya fari idan an danna shi da yatsa, matakin farko ne na gyambo, kuma ba ya sake zama a kai sai ya baje.